Daminar da Rana Ta Riƙa Makara a Ajingi

Shekaranjiya ɗaya daga cikinku ya tsaya a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, ya dubi katakon nan mai kusurwa huɗu da aka naɗe da waya, ya dubi kwamfutar da ke jan layinta ita kaɗai, sannan ya dube ni ya ce, "Baba, ai kai ka huta. Na'ura na aiki, kai kana gadinta." Ban tanka masa ba, saboda akwai goro a bakina. Ga amsar nan na rubuto, tunda na lura ku sababbin malaman da ake turo mana kun fi yarda da magana idan ta zo a takarda.

Ni ba malami ba ne, ban kuma taɓa cewa ni ne ba. Mai kula da ɗakin gwaje-gwaje ne ni, kafin nan kuma mai gyaran rediyo a kasuwar Gaya. 'Yan matan makarantar nan suna ce mini Baba Injiniya. Ina jin dariyar da ke ƙarƙashin sunan, amma ina amsawa.

Aikin farko da maigidana Malam Ɗanjuma ya ba ni shi ne hura gawayi. A lokacin ƙarfen narka dalma ba na lantarki ba ne, a kasko ake cusa bakinsa har ya yi zafi. Idan bai yi ba, dalma ta dunƙule kamar kashin akuya. Idan ya wuce kima, ya cinye hanyar tagullar da ke jikin farantin, rediyon mutane ya tafi ke nan. Kuma babu abin awo, kusa da kunci ake kawo shi a ji. Na shekara a bakin kaskon nan kafin ya yarda na riƙe sukundireba. Kayan aikinmu duka ba su cika kwalin sabulu ba: ƙarfen nan, filaya, sukundireba uku, buroshin haƙori na share datti, da wata tsohuwar mita mai allura wadda sai an ɗan buga ta take farkawa.

Masu kawo gyara iri-iri ne, amma maganarsu ɗaya ce: babu wanda ya taɓa shi, haka kawai ya yi shiru. Kana juya bayansa ka ga kan sukurorin duk an cinye su da tsinin wuƙa. Wani batir ne ya yi masa amai a ciki, wani zanzaro ne ya gina gida a kan lasifika. Akwai wani makiyayi daga wajen Balan da ya sa baduku ya ɗinka wa rediyonsa riga ta fata, babu ƙofa babu taga. Sai da na farke ɗinkin zare-zare yana tsaye a kaina, yana tambayata ko ba za a iya gyarawa ta waje ba.

Wata ranar kasuwa, wajen sha biyun rana, mutum huɗu suka zo kusan a tare, kowa da rediyonsa a hammata. Duk ƙorafi ɗaya: gajeren zango ya mutu, sai shuu kawai ake ji. Na miƙa hannu ga sukundireba, Malam ya riƙe ni. Ya kunna nasa rediyon, shi ma shuu. Sai ya ce wa mutanen su ajiye su je su sha fura, su dawo bayan Azahar. Da suka dawo duka huɗun suna magana rangaɗau, ba tare da an kwance ko sukuru ɗaya ba. Ɗayansu ya tafi yana rantsuwa tofi Malam ya yi musu. Da na tambaye shi sai ya ce, "Sama ce ta toshe. Takan yi haka. Wanda ya buɗe rediyo a irin wannan rana shi ne zai ɓata shi." Me ya toshe ta, bai sani ba, bai kuma yi mini ƙaryar ya sani ba.

Abu na biyu da na gada daga wurinsa a hannuna yake ɗaure. Agogo ne irin na da, wanda ake murɗa wa kai kowace safiya, kuma tun da na san shi yana gaba da minti goma. Ba lalacewa ya yi ba, da gangan ne. Mai rediyo da lokacin labarai yake gwada gyara, kuma gajeren zango sai an yi lalube. Wanda ya fara neman tasha bayan an fara karanta kanun labarai, to a gaban mai kaya ya riga ya sha kunya. Saboda haka Malam ya tura agogonsa gaba, da zai bar kasuwa ya ba ni shi a haka. Kwana uku na farko kana cire minti goman da lissafi. Bayan nan kai ne ke cirewa da kansa: ido ya ga goma da minti goma, baki ya ce goma. Shekara arba'in ban taɓa rasa raka'ar farko ba, ban rasa motar Kano ba, ban makara wurin aiki ba, kuma babu wanda ya zauna da ni kwana biyu ban gaya masa wannan ba.

Sana'ar ta mutu a hannuna ina kallo. Aka fara kawo rediyon da ba a buɗewa, in ya lalace a ba yara su yi wasa, sannan waya ta zo da nata rediyon a ciki. Akwai ranin da na yi guda a rumfa ba na gyara komai sai tocila. Da aka ce ana neman mai kula da ɗakin gwaje-gwaje a wata sakandaren 'yan mata a nan wajen Ajingi, na naɗe tabarmata. Na koma wanke kwalaben gwaji da kulle kabad ɗin asid, ina ganin ni da gyaran rediyo mun yi sallama.

Malama Hajara ce ta dawo da ni. Ita ke koyar da fiziks, 'yar siririya ce, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma sakin abu in ta kama. A wani hutu ta je kwas Kano, inda masana daga jami'a suke raba wa makarantu 'yan na'urori na sa ido a kan rana. Duka a birni aka shirya ajiye su, inda ake ganin wuta. Ta bi su da waya da takarda da zuwa da ƙafa har suka gaji suka ce a ba ta ɗaya a gwada. Haka wata Litinin ɗaya daga cikin masanan, Dakta Kabiru, ya sauka daga kan acaɓa a ƙofar makaranta, rungume da kwali, wandonsa duk ya tattare.

Ina can baya ina wanke kwalabe yake yi wa 'yan aji biyar bayani. Ya ce rana ba fitila ba ce mai ci shiru. Takan yi aman wuta, wani irin haske da ido ba ya gani ya taso, cikin minti takwas ya iso mu. Can sama akwai wani rufi na iska wanda muryar rediyo ke karo da shi ta dawo ƙasa, shi ya sa ake jin tashar nesa. Idan hasken nan ya bugi rufin sai ya rikita shi, jiragen sama su rasa jin juna, taswirar waya ta riƙa kuskure, gajeren zango ya ɗauke da tsakar rana. Wannan suke kira yanayin sararin samaniya. Na ajiye kwalba, na goge hannu, na nemi izini na ba shi labarin rediyo huɗun nan. Ya saurare ni har ƙarshe ya ce, "Baba, ai maigidanka ya riga mu gani, suna kawai muka sa wa abin." A nan take ya ce ni zan naɗa eriyar na'urar.

Naɗa eriya shi ne abin da kuke gani kamar naɗa zare. Kafinta ya haɗa katako biyu a gicciye, kowanne ya kai tsawon hannuwa biyu a buɗe. Wayar siririya ce mai fenti, idan ta lanƙwashe sau ɗaya a nan za ta karye wata rana, ba kuma za ta gaya maka ranar ba. Kowane zagaye sai ya kwanta jikin ɗan'uwansa, kada ya hau shi. Ni ina naɗawa, Malama na riƙe da ƙullin waya, 'yan aji na ƙirgawa da baki ɗaya. Mun wuce rabi shugabar makaranta ta shigo, duk suka miƙe gaisuwa, da suka zauna rabin aji na cewa talatin da bakwai, rabi na cewa talatin da tara. Na warware duka muka soma daga ɗaya. Da muka gama Dakta ya juya gefenta arewa, wai wata tasha take saurare a ƙasar Turai, mai magana da jiragen da ke nutso a ƙarƙashin teku. Mu da ko rafin kirki sai da damina, mu ne masu sauraron jiragen teku. Na'urar ba maganarsu take ji ba, ƙarfin muryar kawai take aunawa, kwamfuta kuma ta zana shi. Da rana layin yakan yi tozo sumul kamar bayan sa. In rana ta yi amai sai ya yi tsalle tsaye, sannan ya sauko a hankali kamar mai saukowa daga rumbu.

Makon farko layin bai yi tozo ba, gashin bushiya ya yi. Dakta yana Kano yana ta aiko da shawara, babu wadda ta ci. Na ɗauki tsohon rediyona na kunna inda babu tasha, na bi katangar makaranta ina saurare, ƙarar na ƙaruwa, har ta kai ni rumfar mai walda a bayan makaranta. Muka mayar da eriya can ƙarshen ginin, layi ya kwanta. Daga baya na gano cajar waya ma tana yi masa ƙaiƙayi, sai na kafa doka: na ajiye kwando a bakin ƙofa, duk mai shiga ya zuba wayarsa da cajarsa a ciki. Har shugabar makaranta sai da ta zuba tata, tana hararata. Dakta ya faɗa a gaban sauran makarantu cewa a Ajingi akwai dattijon da ke gano da kunne abin da mita ba ta gano ba. Maganar ta dawo mini, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura.

Amai na farko da muka kama wata Alhamis ce kafin Azahar. Wata yarinya Rukayya, wadda ranar ita ke da duba kwamfuta, ta ɗaga hannu ta ce layin ya miƙe. Na kunna rediyo, shuu, irin na ranar kasuwar nan sak. Malama ta fita waje ta kira Dakta, ya ce makarantun birni sun gani, tauraron ɗan'adam ma ya gani, kuma duk a minti ɗaya da mu. 'Yan matan suka zana layin a babbar takarda suka manna a bango. Washegari mahaifin Rukayya ya bar gona ya zo ganin abin da 'yarsa ta hana su barci da labarinsa. Ya zagaya katakon, ya tambaya ko yana faɗin ranar da ruwa zai sauka. Da aka ce a'a, ya yi mana fatan alheri ya koma.

To sai ruwan ya sauka, kuma da shi muguwar shekarar ta shigo. Gajimare ya hana sola cika batir, kwamfutar tsohuwa ce, kullum kafin gari ya waye ta mutu. Ɗan batirin cikinta mai riƙe lokaci shi ma ya ƙare, don haka duk safiya takan farka ba ta san ranar da ake ciki ba. Dakta ya ce ba komai, a riƙa sa mata lokaci da hannu, amma a tuna duk tashoshin duniya lokaci ɗaya suke bi, wanda yake bayan namu da awa ɗaya. Ni ke fara zuwa, ni ke kunnawa. Waya ba ta shiga ɗakin, agogon bango babu, sai na hannuna. Kullum in dube shi, in cire awa ɗayar Dakta a hankali kada in yi kuskure, in kwafe mintocin yadda idona ya gan su.

Bayan 'yan makonni Dakta ya kira Malama. Ya ce duk aman da sauran makarantu suka gani mu ma muna gani, sai dai namu yana zuwa a makare da minti goma. Malaman birni suka samu abin tsokana, wai labarin rana ma in zai zo Ajingi sai ya shiga motar haya ya jira ta cika. Malama ta yi dariya da farko. Dakta ya ce abu na farko a duba agogon kwamfuta. Ta same ni ina shara ta ce, "Baba, don Allah lokacin nan daidai kake sa shi?" Na dubi hannuna, na dubi kwamfuta, minti ya hau minti. Na ce mata agogon nan ya girme ta, kuma bai taɓa sa ni makara ba. Ta ba ni haƙuri. Ta kira Dakta ta ce ta tabbatar, ba daga agogo ba ne, a nemi wani dalilin.

Ni kuwa na shiga nema, ko'ina ban da inda abin yake. Na warware eriya na sake naɗawa. Na sauya wayoyi, na goge kowane haɗi na sake dalma. Na je na yi wa mai walda faɗa a kan laifin da bai yi ba, har ya daina gaishe ni. Da duk suka ƙare sai na fara cewa wataƙila 'yan matan ne ke danne-danne. Malama ta hana su taɓa kwamfutar, su da suke rububin zuwa da sassafe don su duba layi. Rukayya ta koma zama a bayan aji. Sannan saƙo ya zo: awon da bai dace da na kowa ba ba shi da amfani, a ƙarshen zango za a ɗauke na'urar a kai wata makaranta a birni. Malama ta karanta, ta ninke takardar, ta ci gaba da darasi. Ban taɓa jin muryarta ta yi ƙasa irin na ranar ba.

Dakta ya ce zai zo ƙarfe goma na ranar Laraba. 'Yan aji biyar duk suna zaune. Ya zuba wayarsa a kwando ya shigo da kwalin nan da ya kawo na'urar a ciki, yana haki, yana cewa hanya ta yi caɓi. Ya ce, "Baba, na makara ko?" Na dubi hannuna na ce a'a, goma daidai.

Ina rufe baki idona ya sauka a kan kwamfuta. Tara da minti goma. Na sake duban agogo: goma da minti goma. Bakina ya cire, kamar yadda ya saba shekara arba'in. Yatsana kuwa, duk daminar nan, bai taɓa cirewa ba.

Babu wanda ya lura. Dakta ya durƙusa ya fara kwance waya ta farko. Da na yi shiru da na ci gaba da zama dattijon da ke gano abu da kunne, laifi ya tafi a kan gajimare da 'yan mata da nisan Ajingi. Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina bakin kasko. Na kwance agogon na ajiye a kan tebur na ce, "Dakta, dakata. Ka fita ka dubi wayarka, ka zo ka dubi wannan."

Ya fita ya dawo. Ya dubi agogon, ya dubi kwamfuta, ya dube ni. Na yi musu bayanin Malam Ɗanjuma da lokacin labarai, a tsaye, a gaban yaran da na ɗora wa laifi. Dakta ya zauna ya buɗe awon daminar duka, ya cire minti goma daga kowace rana, ya ɗora namu a kan na birni. Layi ya kwanta a kan layi, ko ɗaya bai kauce ba. Sai a sannan ya kifa kai a tebur yana dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce agogon da ya riƙe kuskure ɗaya wata uku bai ƙara bai rage ba, ai agogon kirki ne, mai shi ne sai a hankali. Ya mayar da wayar da ya kwance, ya tura kwalin ƙarƙashin tebur da ƙafa.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce wa Rukayya ta taso ta zauna a gaban kwamfuta, daga yau su ke sa lokaci. Na ce wa ajin su yafe mini, na juya na ce wa Malama haka. Ta ce, "Ya wuce, Baba. Amma ka gyara agogon." Na ce wannan kam ba zan iya ba, haka aka ba ni shi. Sai ta nuna mini ƙofa da biron hannunta ta ce, "To ai kai ka kafa doka. Duk abin da ke rikita na'ura, kwando."

An sauya ɗan batirin nan a makon, abin da bai fi ƙwayar gurjiya faɗi ba. Na je na ba mai walda haƙuri, ya sa na maimaita sau biyu wai injinsa na ƙara bai ji ba. Na'urar tana nan, 'yan ajin Rukayya sun gama sun tafi, ƙannensu ke duba layi yanzu.

Saboda haka, kai mai cewa gadi nake yi, gobe in ka zo ka leƙa kwandon da ke bakin ƙofa kafin ka zuba wayarka. Za ka tarar da wani tsohon agogo ya riga kowa shiga. Kada ka gyara masa lokaci, kada kuma ka yarda da shi. Mai shi yana ciki tun minti goma da suka wuce, yana tambayar yara ƙarfe nawa.